Farar Mota a Tsakar Gidan Hazratkul

A lungunmu na tsohon garin Bukhara ba a rasa masu cika baki ba, amma wanda bakinsa ya cinye mota sukutum Hazratkul ne kaɗai. Ni ne mai shagon shayin da ke kallon ƙofar gidansa, don haka ba labari aka ba ni ba. Tun muna samari nake zuba masa shayi ɗan kaɗan a gindin kwano, yadda ake yi wa wanda ake so ya daɗe zaune a yi ta ƙara masa. Albarkacin ubansa yake ci, domin tsohon mutumin kirki ne. Shi kuwa ɗan, in ka ce ka ga kankana mai girma, zai ce ya taɓa noma wadda sai da aka ɗauko ta a amalanke.

Ɗansa ɗaya, Janibek. Yaron ya yi shekaru a Rasha yana ɗaukar siminti a kan dogayen gine-gine, yana kwana ɗaki ɗaya da ƙarti, yana tara abin da zai sayi mota ya dawo gida ya yi tasi. Da abin ya cika sai ya turo wa uban, aka sayo farar mota sabuwa fil, aka ajiye ta a filin bakin unguwa wurin maigadi, kafin yaron ya dawo a lokacin kaka. Duk lungu mun yi murna, musamman saboda uwarsa Muattar, wadda ta rame da kewar ɗanta.

Wata safiya Hazratkul ya zauna a shagona, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Motar ɗana ba za ta riƙa kwana a fili kamar jakin aro ba. Cikin gida za ta shiga."

Nemat mai gashin burodi, wanda tanderunsa ke jikin shagona, ya dubi ƙofar gidan. Tsohuwar ƙofa ce ta itace mai sassaƙa, wadda ko mai ƙiba sai ya karkace kafin ya wuce. Ya ce, "Aka," haka muke kiran babban wa a yarenmu, "a jaka za ka shigar da ita?"

"Bangon zan fasa, in sa ƙofar ƙarfe mai ganye biyu, shuɗiya. In na danna hon, duk mai shan shayi a nan ya ɗago kai."

"Kwamitin fa?"

"Kwamiti? Rabinsu ni na koya musu aiki."

Gidajen lungunmu duk suna hannun kwamitin kula da tsofaffin gidaje. Ko taga za ka matsar sai ka kai musu buƙata, su zauna, su fito da tsofaffin hotuna, su zo su zagaya, su tambayi dattawan unguwa shekarun kowane bango. Ranar zamansu Hazratkul ya ja ni, wai in je in ga yadda ake yi wa hukuma magana. Shugabar, Gulchehra-opa, wato Yaya Gulchehra, 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Kusa da ita wani tsohon malamin tarihi yana gyangyaɗi.

Ta ce, "Hazratkul-aka, ƙofar nan me ta yi maka?"

"Ta yi kaɗan."

"Kai ka ƙara girma, ko ita ta tsuke?"

"Zamani ne ya ƙara girma, opa. Ku kuna nan kuna gadin laka, duniya ta yi nisa."

"Duk abin da ake gani daga lungu, gyara shi ake yi, ba a canza shi. Bangon gaba da ƙofarsa suna cikin hoton nan tun kafin a haifi mahaifinka. Amma za mu zo mu zagaya gidan, mu duba ko akwai wata..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce shi ba ya zaman jiran wata da watanni. A hanya ya ce mini, "Ka ga yadda jikinta ya yi sanyi?" Ni dai abin da na gani, ta juya takarda ta kira na gaba.

Da yamma na jiyo muryar Muattar ta kan katanga, domin a lungunmu ba a yin sirri sai a rijiya. Tana cewa, "Baban Janibek, bangon baya fa? Mahaifinka ne ya gina shi shekarar da aka kawo ni gidan nan, a gabana aka buga tubalin. Hanyar can ma ta fi faɗi."

"Can inda mahauta ke zubar da tumbi? Wa zai gan ni a can, karnuka? Ke dai ki kula da tukunyarki."

Sai ya kira gayya. A wurinmu in maƙwabci ya kira gayya ba a ƙi, ko da kuwa ka san aikin banza ne, shi kuma nasa ya cika cikin mutane da osh, shinkafa mai karas da naman rago har kitse na bin gwiwar hannu. Hazratkul ya yi alkawarin rago guda. Ya zaɓi ranar da Mardon-bobo, dattijon unguwa, ya tafi ƙauye duba 'yarsa. Muka cire ƙofar da ginshiƙinta muka jingine, muka rushe bango daga nan zuwa can, ƙura har cikin haƙora. Shi yana tsaye a inuwa yana ba da umarni, wai ya taɓa shugabantar ma'aikata ɗari a gonar auduga.

Da azahar aka kawo abinci. Karas ya fi shinkafar yawa, a kan tulin kuma ƙashi ɗaya tal, a tsaye kamar tuta. Nemat ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Aka, ragon nan da ƙafarsa ya wuce ta gefen tukunyar?"

"Kitse yana kashe mutane. Lafiyarku nake dubawa."

"Allah ya saka. Yau kam mun tsira."

Aka zo shigo da mota. Nemat ya yi shekaru yana tuƙa motar raba burodi, ya ce a ba shi makulli, lungun matsattse ne. Hazratkul ya dube shi sama da ƙasa, ya ce shi da ya tuƙa tarakta tun Nemat na cin ƙasa ba mai koya masa sitiyari. Mu da muka san shi mun san taraktar a tsaye take, hoto aka ɗauke shi a kai.

Ya shigo lungu motar na tsalle kamar akuya. Kusurwar masallaci ta tafi da madubin dama, na hagu ya kwashe tiren burodin Nemat, burodi ya yi ta gangarawa cikin kwata, abin da a garinmu ko ɗan ƙanƙanin gutsure sai an ɗauka an sumbata. Tsofaffin mata suka bi suna tsincewa suna tsine masa. Ya karya kwana, ya faɗa ta ramin bangon, ya ɗauke ginshiƙin rumfar inabi, rumfar ta zubo, sannan bishiyar tsakar gida ta tare shi. Ya fito da ganyen inabi a hula, ya buga ƙofar motar, ya ce, "Haka gwanaye ke fakawa. Kusa da inuwa."

Washegari Mardon-bobo ya dawo. Ya tsaya a gaban ramin, ya dogara sanda, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ɗana, idona ya tsufa, ban ga komai ba. Amma kwamiti sun aiko, jibi suna nan tafe zagayen da suka ce. Su nasu idon lafiya lau, kuma wanda ya rushe bangon da ke hannunsu, alƙali yake gani."

Fuskar Hazratkul ta yi fari kamar motar. Ya shiga zai fitar da ita, ya murɗa wannan ya taka wancan, mota ta ƙara gaba ta sake rungumar bishiya. Ya sake, ta sake. Fitilar gaba ta zube. Ashe bai san giyar baya ba. Nemat, duk da haushin burodinsa, ya ce, "Aka, don Janibek, kawo in fitar da ita kafin a toshe."

Mutane sun cika bakin ramin suna kallo. Hazratkul ya dube su, ya jefa makulli a aljihu. "Wa ya ce fita za ta yi? Dabara ce. Mu mayar da bango, su zo su tafi, mu sake buɗewa. Laka ce fa, ba dutse ba."

Gayya ta biyu ke nan. Muka tattaro tsoffin tubala, muka kwaɓa laka da ƙaiƙayi, muka ɗora, muka yaɓe bangon gaba ɗaya don a ce gyaran kaka ne. Abincin ranar burodi ne da kankana, burodin ma na Nemat, bashi. Da irin wannan ciki ba a auna gini, saboda haka ƙofar ta koma wurinta a ɗan karkace, kuma ta fi da gajarta. Ba wanda ya ga dalilin gaya wa mai gida.

Saura ɓoye mota. Ya shiga ɗaki ya kwaso bargunan auduga da Muattar ta yi shekaru tana ɗinkawa tana jerawa a kan akwati saboda ranar da Janibek zai yi aure, ya lulluɓe motar kaf, ya ɗora matasai, ya yafa babban zane mai aikin allura. Muattar na tsaye tana kallon kayanta a kan tayar mota, hawaye na zuba. Na ji tausayinta ƙwarai, kuma ranar na fara jin na tsani mutumin nan da gaske.

Ranar zagaye, rufin gidajen maƙwabta ya cika da mata da yara, mu maza kuma muka biyo baƙi a matsayin shaidu. Hazratkul ya sa rigarsa ta biki, ya dafe ƙirji, ya wuce gaba zai nuna hanya. Goshinsa ya haɗu da saman ƙofa, ji kake ƙum. Hula ta faɗi.

Gulchehra-opa ta ce, "Yau kam na yarda ta yi kaɗan." Ta taɓa bangon da yatsa, ta dubi lakar da ta manne mata. "Sabon yaɓe."

"Duk kaka nake yi, opa. Ni mutum ne mai kishin tarihi."

Aka zauna a gadon katako na tsakar gida, aka kawo shayi da zabibi. Ta dubi tulin barguna mai tsawon mutum biyu a kwance, ta ce amaryar gidan nan za ta sha ɗumi. Ya ce ai wannan kaɗan ne daga ciki, shanya ake yi. Tsohon malamin tarihi ya ga wuri mai laushi, ya ja matashi ya zauna a gindin tulin.

Ta fara tambayar bango ɗaya bayan ɗaya, yadda suke yi. Hazratkul ya ga taro, ya ga mata a kan rufi, sai bakin ya buɗe. Na gabas, wai wani babban malami ya taɓa jingina a jikinsa. Na yamma, wai girgizar ƙasa uku ta zo ta koma da kunya. Ta nuna na baya, ta ce, "Wancan fa? Ba shi a hotunanmu."

"Wancan? Shi ne uban duka. Shekara ɗari huɗu. Kakan kakan kakana ya gina shi, ayarin raƙuma a gindinsa suke sauka."

Muattar, da ke riƙe da butar shayi, ta ce, "Baban Janibek..."

"Mata ba su san tarihi ba, opa, ki yi haƙuri. Ban da ke."

Shugabar ta juyo gare mu. "Bobo, maƙwabta, haka ne?"

Mardon-bobo ya shafa gemu ya ce shi ba zai ƙaryata mutum a gidansa ba. Nemat ya ce, "Ni dai na shaida bangon ya girmi ragon da muka ci a gidan nan." Aka ƙyalƙyale da dariya daga sama.

Ta cire tabarau tana gogewa. "To, abin bai yi daɗi ba. Abin da ya kawo mu ke nan. Mun ɗauka sabo ne, da yau mun ba ka izinin ƙofar mota ta can. Shi ne abin da na fara faɗa maka ran nan ka fice."

Hazratkul ya ce wato, in ana maganar ɗari huɗu, akwai sashe da akwai sashe, lissafin mutanen da kuma daban yake. Yana cikin wannan kame-kame ne barci ya kwashe tsohon malamin, ya tafi da baya gaba ɗaya ya bugi tulin barguna. Tulin ya fashe da kuka. Jiniya, hon, fitilu na walƙiya ta ƙarƙashin zanen amarya. Malamin ya zabura yana salati, ya kama zanen don kada ya faɗi, barguna suka zubo, ga farar mota ba madubi, ba fitila ɗaya, da ganyen inabi a gilashi.

Hazratkul ya lalubo makulli yana dannawa, but ɗin baya ya buɗe, kukan bai tsaya ba. Sai da Nemat ya fizge ya kashe.

Gulchehra-opa ta dubi mota, ta dubi ƙofa, ta dubi lakar yatsanta. "Hazratkul-aka, ta ina ta shigo?"

"Ta ƙofa."

"Wannan ƙofar?"

"In mutum gwani ne, opa."

Wata tsohuwa ta leƙo daga rufi ta ce, "Tana ƙarama aka shigo da ita, a nan ta girma." Wata ta ce a'a, gado ce, ita ma ayarin raƙuma suka bari. Mutane suna riƙe ciki.

Muattar ce ba ta yi dariya ba. Ta ajiye buta, ta matso gaban shugabar, ta ce, "Opa, motar yarona ce. Bayansa ya saye ta da shi. In ba ta fita ba, komawa zai yi."

Shugabar ta ce, "Ni ba na rubuta abin da mai gida bai faɗa ba. In ya faɗa da bakinsa, a gaban shaidun nan, cewa ya fasa bangon gaba ya mayar, kuma na baya mahaifinsa ne ya gina, zan rubuta haka. Tunda an mayar da tubalin wurinsa, tara zai biya, ba sai an je gaban alƙali ba, kuma a zama na gaba mu duba maganar ƙofar baya. In kuwa maganarsa ta farko ita ce maganarsa, gidan nan duk kusurwa huɗu ya shiga hannunmu, ba mai taɓa ko tubali ɗaya. Motar kuma ta fita ta inda ta shigo."

Ban taɓa ganin an miƙa wa mutum mafita mai araha haka ba. Mardon-bobo ya ce a hankali, "Faɗi, ɗana, kowa ya riga ya sani." Nemat ma ya daina dariya, ya ce, "Aka, kalma biyu ce."

Hazratkul ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje, ya dubi mu da muka kwaɓa masa laka, ya shafa ƙulun goshinsa. Ya gyara rigar biki, ya turo ƙirji.

"Ni Hazratkul ba na magana biyu. Ta ƙofa ta shigo, bango kuma shekara ɗari huɗu."

Ta mayar da tabarau, ta rubuta, ta yi godiyar shayi. Kafin mako ya zagayo an zo an kafa allon tagulla a gefen ƙofar, mai cewa gidan duka kayan tarihi ne.

Janibek ya sauka a lokacin kaka, da jakarsa da tsarabar uwarsa. Ya sunkuya ya shiga, ya daɗe tsaye a gaban motar. Ya je wurin kwamiti, suka ce hanyar na nan a buɗe, mai gida kawai suke jira ya zo ya gyara maganarsa. Ya roƙi uban, ya turo dattawa, har ya durƙusa. Uban ya ce, "So kake a ce na yi ƙarya a gaban unguwa?" Aka nemo mai motar ɗaga kaya, ya auna lungu da ido ya koma. Aka sake kiran gayya, karo na farko a tarihin lungunmu ba wanda ya fito, domin yanzu ga allon tagulla ga alƙali.

Sai aka kira makaniki. Ina zaune a shagona na ga motar tana fita ta ƙofar kamar yadda aka ce: taya, kujera, ƙofofi, sitiyari, inji a kan sanduna mutum huɗu na nishi, kowa sai ya sunkuya. Gangar jikin ce ta ƙi wucewa, aka bar ta. Abin da aka sayar da tarkacen bai kai rabin kuɗin motar ba. Kafin dusar ƙanƙara ta fara, Janibek ya sake ɗaukar jakarsa. Uwar ta raka shi bakin lungu, ta sa ya gatsa burodi, ta dawo da sauran ta rataye a ɗaki har ranar da zai dawo ya ƙarasa. Uban bai fito ba, wai yana da ciwon kai. Kajin Muattar ne yanzu ke ƙwai a inda fasinja za su zauna.

Ciwon kan bai daɗe ba. Wata safiya sai ga Hazratkul a shagona, ya miƙe ƙafa, ya nuna allon tagulla da haɓa, ya ce wa wasu baƙi biyu da ke zaune, "Kun ga gidan can? Duk Bukhara shi kaɗai ne mai tarihi da mota a ciki. Kwamiti da kansu suka zo suna roƙona."

Na ɗauki buta, na cika masa kwano har baki, har ya zuba a kan tire, yadda ake yi wa wanda ake so ya shanye ya tashi. Ya dubi kwanon, ya dube ni. Can ƙetaren lungu Muattar na share ƙofar gida, ta ga abin da na yi, ta ci gaba da shararta.